Yadda Ake Ƙiyasta Man da Jiragen Ruwa Ke Sha da Hayaƙin da Suke Fitarwa

A 2018 jiragen ruwa na duniya, haɗe da na kamun kifi da masu zirga-zirga a cikin ƙasa ɗaya, sun fitar da iskar kabon dayoksaid tan miliyan 1,056, wato kashi 2.89 cikin ɗari na kabon dayoksaid ɗin da ɗan Adam ya fitar a shekarar. Idan aka haɗa da sauran iskoki masu ɗumama yanayi, adadin ya kai tan miliyan 1,076. Waɗannan alƙaluma sun fito ne daga bincike na huɗu da Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ta fitar a 2020. Babu wanda ya bi jirage sama da dubu ɗari yana auna hayaƙi a bakin bututunsu. Lissafi aka yi, kuma lissafi ne da duk mai kwamfuta da haƙuri zai iya koya.

Ina ganin ya kamata mutanenmu su iya shi. Alkamar da ake sauke wa a Apapa, da kwantenar ɗan kasuwar Kantin Kwari, da kayan da ke bi ta Kwatano ko Lome su nufi Yamai da Maraɗi, duk a kan ruwa suka zo. Tun watan Janairun 2024 Tarayyar Turai ta fara cajin manyan jirage kuɗin hayaƙin da suka fitar a tafiye-tafiyen da suka taɓa tashoshinta, kamfanonin jirage kuwa suna ɗora kuɗin a kan mai kaya. Ɗalibi ko ɗan jarida ko ma'aikacin hukuma da bai iya lissafin ba, sai dai ya karɓi adadin da aka miƙa masa ya yi shiru.

Mataki na farko: shata iyakar lissafinka

Kafin ka taɓa wani adadi, rubuta abin da kake ƙirgawa da abin da ka bari a waje. Binciken IMO ɗin nan ya ba da amsa biyu kan sufurin ƙasa da ƙasa a 2018. Da aka bi tafiya-tafiya, aka ƙirga kawai wadda ta tashi daga wata ƙasa ta sauka a wata, sai aka sami tan miliyan 740. Da aka bi nau'in jirgi, aka ce kowane jirgi mai irin wannan girma da siffa na ƙasa da ƙasa ne ko ina ya je, sai aka sami tan miliyan 919. Shekara ɗaya, jirage ɗaya, amma tazarar ta kusa tan miliyan 180. Babban jirgin kwantena da ya tashi daga Legas ya je tashar Onne a jihar Ribas ya yi tafiyar cikin gida a ƙirga ta farko, a ta biyu kuwa ana saka shi a lissafin ƙasa da ƙasa.

Akwai ƙarin tambayoyi biyu. Hayaƙin da ke fita daga bututun jirgi kaɗai za ka ƙirga, ko har da wanda aka fitar wajen haƙo man da tace shi da kai shi tasha? Kabon dayoksaid kaɗai, ko har da metan da naitros oksaid? Jagorar nan ta tsaya a kan abin da ke fita daga jirgin kansa, da iskokin uku duka. Idan kuma lissafin ƙasa kake yi, ka tuna ƙa'idar IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya: man da aka sayar wa jiragen ƙasa da ƙasa ana ba da rahotonsa daban, ba a zuba shi cikin jimillar hayaƙin ƙasar da ta sayar.

Mataki na biyu: zaɓi hanyar da bayananka za su iya ɗauka

Hanya mafi sauƙi ita ce ta cinikin mai. Ka tattara yawan man da aka sayar wa jirage a duniya, kamar yadda Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ke tarawa, ka ninka da ma'aunin hayaƙi, wato yawan hayaƙin da tan ɗaya na mai ke bayarwa. Singafo kaɗai tana sayar da tan miliyan hamsin da wani abu a shekara, ga kuma Rotadam da Fujaira. Matsalarta ita ce ba ta gaya maka wane jirgi ne ya sha man, ko a wane teku ya ƙone shi. Ƙasashe kuma sun sha bamban wajen rarrabe man cikin gida da na ƙetare, shi ya sa jimillarta takan zo ƙasa da ta sauran hanyoyin.

Hanya ta biyu ita ce rahoton jiragen da kansu. Tun 1 ga Janairu 2019 kowane jirgi mai girman GT 5,000 zuwa sama (GT ma'auni ne na girman cikin jirgi) yana kai wa IMO rahoton man da ya sha a shekara, ta hannun ƙasar da yake ɗauke da tutarta. Idan kai ma'aikacin kamfanin jirgi ne, abin ya fi haka sauƙi: akwai takardar shaidar karɓar mai da ake bai wa jirgi duk lokacin da ya sha, akwai rahoton tsakar rana da kyaftin ke aikawa kullum, akwai kuma awon tanki, inda injiniya ke zura tef mai nauyi a bakinsa cikin bututu ya karanta inda mai ya tsaya. Man da ke tanki a farkon tafiya, a haɗa da wanda aka sha a hanya, a cire wanda ya rage: abin da aka ƙona ke nan. Sai dai a kula, tanki yana ba da ƙima ce ta cika, hayaƙi kuwa da nauyi ake lissafa shi. Dole a juya zuwa tan da ma'aunin nauyin man bisa cikarsa da ke rubuce a takardar karɓar mai, a kuma gyara don zafi, domin baƙin mai ana ɗumama shi ne a tanki, kuma mai mai zafi yana kumbura.

Hanya ta uku, wadda za mu daɗe a kanta, ita ce bin sawun jirgi awa bayan awa a lissafa man da injinsa zai sha a irin wannan gudu. Ita ce ƙashin bayan binciken IMO na 2014 da na 2020, ita ce kuma kaɗai ke buɗe ga wanda ba shi da hannu a takardun kamfani.

Mataki na uku: san jirgin

Kowane babban jirgi yana da lambar IMO mai alƙaluma bakwai, wadda ba ta canzawa ko an sayar da shi ko an sake masa suna da tuta. Da ita za ka nemo nau'insa, da nauyin da yake iya ɗauka, da ƙarfin babban injinsa a kilowat, da iyakar gudunsa, da zurfin da yake nutsewa idan ya cika, da shekarar ƙira, da irin man da yake sha. Shafin intanet na Equasis yana ba da bayanan asali kyauta ga wanda ya yi rajista. Cikakken bayanin inji yana wajen kamfanoni irin su S&P Global da Clarksons, da kuɗi. Inda ka rasa wani bayani, ɗauki matsakaicin jirage masu nau'i da girma irin nasa, amma ka sa alama a layin domin ka san aro ka yi.

Ga jirgin da za mu yi misali da shi, na ƙirƙire shi ne don koyarwa: jirgin dakon hatsi mai ɗaukar tan 60,000, injinsa kilowat 9,000, iyakar gudunsa mil 15 na teku a awa, zurfin nutsewarsa mita 13. Mil ɗaya na teku kilomita 1.852 ne. Mu ce ya ɗauko alkama tan 50,000 zai kawo Legas daga nisan mil 6,000.

Mataki na huɗu: samo sawunsa ka tsabtace shi

Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS ta wajabta wa jiragen ƙasa da ƙasa masu girman GT 300 zuwa sama, da duk jiragen fasinja, su ɗauki na'urar AIS. Ita ce ke shelanta inda jirgi yake da gudunsa da inda ya dosa, duk bayan 'yan daƙiƙu idan yana tafiya, duk bayan minti uku idan ya tsaya. Eriyoyin bakin teku da taurarin ɗan Adam ne ke kama saƙon. Don gwaji, hukumar sufurin ruwa ta Denmak da hukumar NOAA ta Amurka suna sakin bayanan ruwansu kyauta. Na duniya gaba ɗaya sai an saya.

Kada ka yarda da bayanan kamar yadda suka zo. Buɗe su a Excel ko wata manhajar lissafi, ka jera bisa lokaci. Za ka ga layi ɗaya ya nuna jirgin hatsi yana gudun mil 80 a awa, wani ya ajiye shi a tsakiyar Sahara, na gaba kuma ya mayar da shi gaɓar Ghana. Goge irin waɗannan. Hanyar kama su ita ce ka lissafa nisan da ke tsakanin wuri biyu masu bin juna ka raba da lokaci. Idan amsar ta zarce abin da jirgin zai iya, ɗaya daga cikinsu ƙarya ne. AIS tana amfani da lambar MMSI mai alƙaluma tara, wadda ke canzawa idan jirgi ya sauya tuta, saboda haka sai ka haɗa ta da lambar IMO da hannunka ka tabbatar jirgi ɗaya kake bi.

Sannan akwai gibi. Wani lokaci tauraro bai kama saƙo ba, wani lokaci jirgin ne ya kashe na'urar da gangan, ko don tsoron 'yan fashin teku kamar yadda aka sha yi a Mashigin Gini, ko don ɓoye safarar man da aka sa wa takunkumi. Idan gibin 'yan awoyi ne, cike shi da nisa raba lokaci. Idan kwanaki ne, kada ka ja miƙaƙƙen layi, domin layin zai iya ratsa ƙasa ya rage maka nisan. Bi hanyar da jirage ke bi. A ƙarshe ka mayar da komai layi ɗaya a kowace awa: wuri, gudu, zurfin nutsewa.

Zurfin nutsewar nan da hannu ma'aikatan jirgi ke shigar da shi, kuma sukan manta. Idan ka ga jirgi ya sauke kaya a tasha ya fito da adadin da ya shiga da shi, to ba a gyara ba ne, kai za ka gyara.

Mataki na biyar: raba awoyin gida-gida

Kowace awa tana cikin ɗayan hali huɗu: jirgi yana ɗaure a tasha, ko ya jefa anka yana jiran layi, ko yana lallaɓawa wajen shiga da fita, ko yana tafiya a buɗaɗɗen teku. Gudu da nisa daga tasha su ke nuna maka. Wanda ke ƙasa da mil ɗaya a awa a cikin tasha ɗaure yake. Wanda ke yawo a wuri ɗaya a wajen tasha ƙasa da mil uku a awa jira yake. A waɗannan biyun babban inji a kashe yake, janareta da tukunyar tururi ne ke ci.

Mataki na shida: lissafin babban inji

Nan ne mafi yawan man yake tafiya, nan ne kuma kuskure ya fi tsada. Ƙarfin da jirgi ke buƙata yana hawa ne da gudu ninki uku a kansa. Wato idan gudu ya zama kashi 0.8 na iyaka, ƙarfin ba 0.8 ba ne, 0.8 sau 0.8 sau 0.8 ne, wanda ya ba da 0.512. Jirginmu yana tafiyar mil 12 a awa, iyakarsa 15, to 12 raba 15 shi ne 0.8 ɗin.

Na biyu, zurfin nutsewa. Jirgin da bai cika ba yana ture ruwa kaɗan. Ana raba zurfin yanzu da na cikar jirgi a ɗaga amsar zuwa 0.66 (a Excel da alamar ^ ake yin haka). Namu ya nutse mita 12 cikin 13, amsar ta zama 0.949.

Na uku, teku ba tafki ba ne, gangar jirgi kuma ba ta zama sumul. Iska da igiyar ruwa suna ƙara wa inji aiki, haka gansakuka da ƙananan halittun da ke manne wa ƙasan jirgi da farfelarsa. Binciken IMO ya yi amfani da 0.867 don yanayi a buɗaɗɗen teku, da 0.917 don dattin gangar jiki, ana raba amsar da su. A Excel layin zai zama haka:

=9000*(12/15)^3*(12/13)^0.66/(0.867*0.917)

Amsar kusan kilowat 5,500 ce, wato injin yana aiki da kashi 61 cikin ɗari na ƙarfinsa. Idan a wata awa lissafi ya ba ka fiye da 9,000, mayar da shi 9,000, inji ba ya ba da abin da ba shi da shi.

Yanzu nawa yake sha a kowane kilowat? Babban injin dizal mai juyawa a hankali, ƙirar bayan 2000, yana shan kimanin giram 175 na baƙin mai a kowane kilowat na awa ɗaya idan yana wurin da ya fi jin daɗin aiki, wajen kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Ƙasa da haka ko sama da haka, shan yana ƙaruwa. Ana gyarawa da nauyin aiki, wato kason ƙarfin da injin ke aiki da shi, kamar haka: 0.455 sau nauyin aiki sau nauyin aiki, a cire 0.710 sau nauyin aiki, a ƙara 1.280. Da nauyin aiki 0.61 amsar 1.016 ce, a ninka da 175 a sami giram 178. Kilowat 5,500 sau giram 178 ya ba da kilo 979 a awa, kusan tan 23 da rabi a yini. Mil 6,000 a gudun 12 awa 500 ne, saboda haka babban inji ya sha tan 490.

Gwada ka ƙara gudun zuwa mil 13.5 a awa. Ƙarfin zai haura kilowat 7,800, shan mai ya kai tan 1.38 a awa, tafiyar ta ragu zuwa awa 444, man kuma ya tashi zuwa tan 613. An rage kwana biyu da 'yan awoyi, an ƙara mai da kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ke ci mini rai shi ne sau da yawa jirgin da ya yi wannan gaggawar yana isowa ne ya jefa anka ya yi kwanaki yana jiran gurbi a tasha. Man ya ƙone a banza, kuma tsarin layin tasha da sharuɗɗan kwangilar haya ne suka sa shi.

Wannan ninkin uku shi ne dalilin da ya sa na dage a kan awa bayan awa. Kada ka ɗauki matsakaicin gudun tafiya gaba ɗaya ka yi lissafi sau ɗaya. Jirgin da ya yi awa biyar a gudun 10 da awa biyar a gudun 14, matsakaicinsa 12 ne, kuma 12 ninki uku 1,728 ne. Amma 10 ninki uku 1,000 ne, 14 ninki uku 2,744, matsakaicinsu 1,872. Ka yi asarar kashi 8 cikin ɗari tun ba ka je ko'ina ba, kuma kuskuren kullum ƙasa yake ja. Ka sani kuma AIS gudun jirgi a kan doron ƙasa take bayarwa, inji kuwa da ruwa yake kokawa. Jirgin da ke bin kwararar ruwa zai bayyana kamar yana aiki fiye da gaskiya, mai fuskantar ta kuma ƙasa da gaskiya. A lissafin shekara guda na jirage da yawa abin yakan daidaita kansa, a tafiya ɗaya kuwa ba lallai ba.

Mataki na bakwai: janareta da tukunyar tururi

AIS ba ta san komai game da su ba, sai dai a ɗauko daga teburin ƙiyasi bisa nau'in jirgi da halin da yake ciki. Binciken IMO na 2020 yana da irin wannan tebur. Janareta na shan kimanin giram 195 a kowane kilowat na awa, tukunyar tururi kimanin 340. Mu ɗauka janaretan jirginmu na ba da kilowat 400 a teku: kilo 78 a awa, tan 39 a awa 500. A teku ba a cika kunna tukunya ba, domin zafin hayaƙin babban inji ne ke samar da tururi. Idan ya tsaya dole a kunna ta don ɗumama baƙin mai. Mu ce ya yi kwana 10 yana jira da janareta kilowat 400 da tukunya 250: tan 3.9 a yini, tan 39. Sai kwana 8 a tasha da janareta 250 da tukunya 250: tan 3.2 a yini, kusan tan 26.

Jimilla: 490 da 39 da 39 da 26, tan 594. A jirgin hatsi wannan ɓangaren ƙarami ne. A jirgin da ke ɗauke da kwantenoni masu sanyi, ko tankar da ke tura ɗanyen mai da famfunan tururi, ko jirgin yawon buɗe ido, yana da girma ƙwarai, kada ka yi masa riƙon sakainar kashi.

Mataki na takwas: juya mai zuwa hayaƙi

Kowane tan na baƙin mai yana ba da tan 3.114 na kabon dayoksaid. Mai mai ɗan sauƙi 3.151, dizal na ruwa 3.206, iskar gas da aka mayar ruwa, wato LNG, 2.750, metanol 1.375. Mutane kan yi mamakin yadda tan ɗaya ke haifar da uku. Kabon da ke cikin man ne ke haɗuwa da iskar oksijin ta sararin sama, nauyin oksijin ɗin ne ya ƙaru a kai. Kada kuma ƙaramin adadin metanol ya ruɗe ka: ƙarfin da ke cikin tan ɗaya nasa bai kai rabin na baƙin mai ba sosai, don haka jirgi na shan ninki biyu da wani abu.

Tan 594 sau 3.114 ya ba da tan 1,850. Naitros oksaid kimanin giram 180 ne a kowane tan na mai, metan kimanin giram 50. A ma'aunin shekara ɗari na rahoton IPCC na biyar, naitros oksaid ya ninka kabon dayoksaid sau 265 wajen ɗumama yanayi, metan sau 28. Na farko ya ƙara tan 28, na biyu bai kai tan ɗaya ba. Jimilla kusan tan 1,879.

A jirgi mai shan LNG labarin ya sha bamban, domin wani kaso na gas ɗin yana sulalewa ta inji ba tare da ya ƙone ba. Dokar Tarayyar Turai ta ɗauki kashi 3.1 cikin ɗari ga wasu injina masu matsakaicin juyi, 1.7 ga wasu masu juyawa a hankali, 0.2 ga masu tura gas da matsi mai ƙarfi. Ninka kilo 31 na metan da 28 ka gani: kusan kilo 870 a kan kowane tan na gas, wanda ya cinye yawancin ribar da 2.750 ta nuna. Binciken IMO ya gano metan daga jirage ya ƙaru da kusan kashi 150 cikin ɗari tsakanin 2012 da 2018. Dole ka san irin injin kafin ka yanke hukunci.

Wani ruɗani da ake yawan yi: dokar da ta rage sinadarin salfa a man jirage daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari tun Janairun 2020 ta taimaki huhun mazauna bakin teku, amma ba ta rage kabon dayoksaid ba. Amfaninta a lissafinka shi ne ta taimaka maka ka gane irin man da jirgi ke sha. A yankunan da aka tsaurara zuwa 0.1, kamar Tekun Baltik da Tekun Arewa da gaɓar Arewacin Amurka, ɗauka dizal yake sha, sai in yana da na'urar wanke hayaƙi.

Mataki na tara: raba wa kayan

Tan 1,850 a kan alkama tan 50,000 ya zama kilo 37 a kowane tan, ko kilo 1.85 a buhu mai kilo 50. Idan aka raba da nisa kuma, giram 6.2 ne a kowane tan a kowane mil. Gwada da tirela: mu ɗauka tana ɗauke da tan 30 daga Legas zuwa Kano, kimanin kilomita 1,000, tana shan lita 40 a kowane kilomita 100. Lita 400 sau kilo 2.7 ya haura kilo 1,000, wato kusan kilo 36 a kowane tan. A hayaƙin kowane tan, hanyar Legas zuwa Kano ta yi daidai da tafiyar teku da ta ninka ta sau goma sha ɗaya. Jirgin ruwa ba shi da ɓarna a kan kowane tan. Yawan kayan ne, sama da kashi 80 cikin ɗari na cinikin duniya bisa nauyi, ya sa jimillarsa ta yi girma.

Amma akwai tafiyar da babu kaya. Jirgin hatsi da tankar mai sukan koma ko su nufi tashar lodi ta gaba fayau, da ruwan daidaita nauyi kawai. Idan ba ka ɗora man wannan tafiya a kan kayan ba, ka rage adadin da kaso mai yawa. Ma'aunin CII na yawan hayaƙin kabon na jirgi, da IMO ta fara aiki da shi a 2023, mai bai wa jirage daraja daga A zuwa E, yana raba hayaƙi ne da nauyin da jirgi zai iya ɗauka ba wanda ya ɗauka a zahiri ba. Kada ka haɗa adadinsa da naka a tebur ɗaya.

Mataki na goma: daga jirgi ɗaya zuwa dubbai, da gwada amsar

Lissafin duniya maimaita wannan ne ga kowane jirgi a kowace awa ta shekara, aikin da ya fi ƙarfin Excel, sai an rubuta shi da yaren kwamfuta na Python ko makamancinsa. Jirage za su kasu uku: waɗanda kake da sawunsu da bayanan injinsu, waɗanda kake da sawunsu babu bayanin inji, da waɗanda ke cikin rajista amma AIS ba ta gan su ba, galibi ƙanana da na kamun kifi. Na biyu a ba su injin takwarorinsu, na uku a ba su matsakaicin shan man ajinsu. Ka ware jimillar kowane rukuni daban, domin mai karatu ya ga nawa ne aka lissafa da gaske, nawa ne aka cike. Ba ka kuma ɗauko adadin bara ka ɗora wa bana: tun ƙarshen 2023, da hare-haren Bahar Maliya suka sa jiragen Asiya zuwa Turai zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, kowace tafiya ta ƙaru da mil dubu uku da wani abu, da yawa kuma sun ƙara gudu don rama lokaci.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Tarayyar Turai tana wallafa rahoton kowane babban jirgi da ya taɓa tashoshinta tun 2018 a rumbun THETIS-MRV, kyauta, da suna da lambar IMO da man da ya sha a kowane mil. Zaɓi jirage ashirin ko talatin na nau'i ɗaya, ka lissafa su da hanyarka, ka gwada da nasu. Jirgi ɗaya zai iya kauce maka da kashi 20 cikin ɗari ko fiye ba tare da ka yi laifi ba. Abin dubawa shi ne ko duka sun karkata gefe guda. Idan haka ne, koma kan iyakar gudun da ka saka, domin ita ce aka ninka sau uku, kuskuren kashi 5 cikin ɗari a cikinta yana zama kusan 15 a mai.

Ga jimillar duniya kuma akwai duwatsun awo biyu. Raba tan miliyan 1,056 na 2018 da 3.114, za ka sami mai wajen tan miliyan 340. Rahoton manyan jirage da IMO ta tattara na 2019 ya ba da kimanin tan miliyan 213, kuma bai haɗa da jiragen da ke ƙasa da GT 5,000 ko masu aikin cikin gida zalla ba. Idan lissafinka na manyan jirage ya faɗi nesa da na biyun, ko na duka ya faɗi nesa da na farkon, akwai rukunin da ka ƙirga sau biyu ko ka tsallake. Lokacin rubuta sakamako, sa shekarar, da iyakar da ka shata a mataki na farko, da ma'aunin ɗumamar da ka yi amfani da shi, a jimla ɗaya da adadin. Ka kuma sake gudanar da lissafin sau biyu, ɗaya da iyakar gudu ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, ɗaya sama da haka, ka ba da amsoshin uku tare.